Yaranmu suna zana kalangu a takarda, amma ba su taɓa riƙe shi ba

Malama Rabi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta nan. Shekarata 9 ina koyar da darasin al'adu da fasaha, wanda yara suka fi sani da CCA, a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a nan cikin Gombe. Zane da wasan kwaikwayo da kiɗa aka cusa a darasi ɗaya, tun da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta fito da manhajar karatun shekara 9 da aka soma aiki da ita a 2008. Ni zane na karanta a kwalejin ilimi. Idan aka zo kan kiɗa, abin da ke cikin littafi nake kwafewa a allo, su ma su kwafe.

Jiya ina duba takardun gwajin 'yan aji biyu. Tambayar ita ce su zana kalangu, su faɗi rukunin da yake ciki. Wata yarinya ta zana shi tsaf, ƙugun a tsuke, tsirkiyoyin a jere, ta rubuta cewa yana cikin kayan kiɗa masu fata. Ta cinye makin duka. Na kira ta ina yaba mata, sai ta ce, "Malama, igiyoyin nan na jikinsa ado ne?" Na ce a'a, matse su ake yi a hammata, murya ta canza. Ta ce, "Ta yaya?" Wallahi ba ni da abin da zan nuna mata. A garin da ake hawan salla da algaita da kakaki, yarinya 'yar shekara 13 tana zaton tsirkiya kwalliya ce.

Tambayata biyu. Akwai mai koyar da ɗalibai kiɗa a aikace a garin nan? Kuma ku iyaye, za ku yarda?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka da alheri kan kulawa. Amma mu duba gaskiya. Yaro yana aji biyu na sakandare, karanta jimla ɗaya ta Turanci ya gagare shi, lissafin raba-dai-dai sai ya haɗa gumi. Wanda ake neman kai gare shi ba a tambayarsa hula. A fara gyara karatu da lissafi, in lokaci ya ragu a yi kiɗan.

Malama Rabi, Tudun Wada:
Baban Sadik, ba sabon lokaci nake nema ba. Darasin yana kan jadawali, ana yin sa kowane mako, ana jarrabawarsa. Mintunan nan ana kashe su ko an kawo kalangu ko ba a kawo ba. Yadda ake kashe su ne ke damuna.

Abu Hafsa, Jekadafari:
Malama, ina ganin kyakkyawar niyyarki, amma amana ce in faɗi abin da na sani. Mafi yawan malaman mazhabobin nan huɗu sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, suka keɓe ganga mai fuska ɗaya a biki da idi. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da aka hana mutum ya zauna da gangan yana sauraren kayan wasa da waƙa. Akwai kuma hadisin da ke cikin Bukhari a kan masu halasta kayan kiɗa. Na san akwai waɗanda suka saɓa, irin su Ibn Hazm, ba na ɓoye wannan. Amma makarantar gwamnati ta kowa ce. Ni ba zan so a miƙa wa 'yata goge a hannu ba tare da an tambaye ni ba, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne.

Ɗan Pantami:
Malam, to bandirin da ake bugawa a zawiyya fa? Da mandirin 'yan Islamiyya lokacin Mauludi?

Abu Hafsa, Jekadafari:
Wannan wata muhawara ce daban, ƙanina, kuma idan muka shige ta ba za mu fita yau ba. Ni dai magana ɗaya nake yi: a tambayi uba kafin a sa ɗansa.

Goggo Asabe, tsohuwar shugabar makaranta:
Rabi 'yata, sannu da ƙoƙari. Malam Abu Hafsa, maganarka ta neman izini tana kan hanya, ni ma da ita zan fara. Shekara 35 na yi a aji da ofis, tun Gombe tana ƙarƙashin Bauchi, kafin a ba mu jiha a 1996. Abin da na koya shi ne, duk abin da ka yi wa iyaye a ɓoye, ko zuma ne, sai ya zama maɗaci. A rubuta takarda da Hausa, a faɗi abin da za a yi dalla-dalla, wanda ya yarda ya sa hannu. Wanda bai yarda ba a ba ɗansa zane ko saƙa a wannan lokacin, kuma kada a rage masa maki ko ɗaya, kada a nuna shi da yatsa.

Baban Sadik, kai kuma ka ji ni. A zamaninmu da waƙa muke sa yara haddace jadawalin sau. Da tafi muke koya musu raba kalma gaɓa-gaɓa. Yaron da kunnensa ya saba bambanta dogon bugu da gajere, ba ya shan wahalar bambanta dogon wasali da gajere. Ban karanta wannan a littafi ba, a aji na gani, shekara da shekaru.

Malam Yila, Billiri:
Barkanku da yamma. Malama, amsar tambayarki ta farko: akwai masu koyarwa, amma ba a makaranta suke ba. Mu nan ƙasar Tangale, da Kaltungo da sauran kudancin jihar, yawancinmu a coci muka koya. Ni a ƙungiyar Boys' Brigade na fara, ina ɗan shekara 10, da ƙaramar ganga ta fareti, daga baya aka ba ni bigila. A ƙungiyar mawaƙa na koyi do-re-mi, har na iya ɗaukar waƙar da ban taɓa ji ba in rera ta daga takarda. Yanzu ina koya wa yara 12 fiyano a ɗakina ranar Asabar, uku daga cikinsu Musulmi ne, iyayensu da kansu suka kawo su.

Abin da ke ba ni takaici shi ne duk shekara in 27 ga Mayu ta matso, ranar yara, sai shugabannin makarantu su fara nemana. A ba su aron 'yan badujala, a kwana huɗu a horar da yara maci, a je filin wasa na Pantami, a dawo, shi ke nan sai baɗi. Wata makaranta mai zaman kanta ta taɓa sayen ganguna shida da bigila biyu sabbi fil. Bayan shekara na je na tarar da su a sito, fatar ta tsage da hunturu, an ɗora musu karyayyun bencina. Ba wanda aka ɗora wa alhakinsu.

Saboda haka shawarata, kada ki fara da sayen kaya. Ki fara da mutum. Kuma kada ya zama biki na rana ɗaya, a ɗauki hoto a watse. Kiɗa kamar haddar allo yake, kaɗan-kaɗan ne kullum. Minti 20 a kai a kai ya fi awa huɗu sau ɗaya a zango.

Malama Rabi, Tudun Wada:
Na gode Malam Yila. Matsalata yara 84 ne a ajin. Ko fiyano ɗaya muka samu, wa zai taɓa wa zai bari? Ga wuta ba ta zama.

Malam Yila, Billiri:
Fiyano ba na aji mai mutum 84 ba ne, ki cire shi a lissafi tukuna. Makonni huɗu na farko babu abin da kike buƙata sai tafin hannu da murya da saman benci. Ki raba su gida uku. Na farko su riƙe bugun ƙasa, ɗaya-ɗaya, ba sauri ba jinkiri. Na biyu su cika tsakani. Na uku su yi amshi. Ranar da gida ukun nan suka tafi tare minti biyu ba wanda ya ja wani, kin yi rabin aikin. Bayan nan akwai sarewar roba mai rami takwas, ba ta cin wuta, ba ta cin batir, tana shiga jakar makaranta. Da ita ake fara koya wa yara karanta rubutun kiɗa a ƙasashe da dama.

Kuma iyaye su sani, hanyar ba ta toshe a aji uku ba. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar kiɗa, sai dai makarantunmu ba sa shigar da yara domin babu malamai. Jami'ar Nsukka tana da sashen kiɗa tun 1961. A Legas akwai ƙungiyar kiɗa ta MUSON, da aka kafa a 1983, suna da makaranta da jarrabawa mataki-mataki. Mu ne dai a nan muka bar abin a hannun sa'a.

Ɗan Pantami:
Ni a situdiyo nake aiki, kullum ina gaban kwamfuta ina haɗa kiɗa. Bari in faɗa muku abin da ba a faɗi. Kalangun da kuke ji a yawancin waƙoƙin yanzu ba kalangu ba ne, maɓalli ne a jikin fiyano. Murya ɗaya gare shi, ba ya lanƙwasa. Bara wani ya kawo aikin waƙar biki ya ce lallai goge na gaske yake so. Sati biyu ina nema kafin a haɗa ni da wani dattijo a wani ƙauye ta wajen Kumo. Da ya ja izgar nan sau ɗaya a gaban makirfo, na san shekara shida ina sayar wa mutane hoton abu ne. Na tambaye shi wa yake koya wa, ya ce babu, 'ya'yansa duk acaɓa suke yi.

Baban Sadik:
To ai ka ba da amsa da kanka. Da akwai abinci a ciki da ba su tafi acaɓa ba.

Ɗan Pantami:
Baba, abin da na biya shi na awa biyu, ɗan acaɓa sai ya yi kwana uku bai haɗa ba. Ba rashin kuɗi ne kaɗai ya kore su ba. Kunya ce.

Jikan Makaɗi, Bolari:
Tun jiya nake karantawa ina rubutawa ina gogewa. Ɗan Pantami ya taɓo inda yake mini ciwo, bari in yi magana.

Kakana makaɗin mahauta ne. Kalangu ai nasu ne tun asali, duk wanda ya tashi kusa da mahauta ya sani. Da asuba in an yi yanka, shi ke sanar da gari da kiɗa, kuma kowane babban mahauci da takensa. Mutum yana cikin gida zai ji ya ce yau wane ne ya kayar da sa. Mahaifina ya gada, kawuna ya gada. Ni aka sa ni boko, kuma tun ina aji uku na firamare na koyi ɓoye sana'ar gidanmu, ranar da wani malami ya ce "ɗan maroƙa, tashi ka share allo" aji ya fashe da dariya. Daga ranar ban sake taɓa kalangu a gaban mutane ba. Da na girma na nemi aure a wani gida, an yi bincike, aka dawo mini da kayana. Ba a ce ina shaye-shaye ba, ba a ce ba na salla ba. An ce gidan roƙo ne.

Yanzu ni ma'aikacin jinya ne, ina da 'ya'ya huɗu, babu wanda ya san yadda ake riƙe sandar kiɗa a cikinsu. Ni na hana. Kuma ga abin mamaki, mutanen da suka ƙi ba ni 'yarsu, a motarsu Shata suke saurare, mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, kuma da kalangu ya yi duk abin da ya yi. Muna son kiɗan, makaɗin ne ba ma so ya zauna a tabarmarmu.

Malam Abu Hafsa, ban zo in yi jayayya da hukunci ba, ban kai nan ba. Wanda ya bar kiɗa don tsoron Allah, ina girmama shi. Amma da yawa ba don Allah suke ƙyamarmu ba, don asali ne, kuma wannan kai ma ka san addini bai yarda da shi ba.

Malama Rabi, kawuna yana nan da rai a Bolari. Ya haura 70, idonsa ya yi rauni, amma hannun yana nan. Kalangai uku ne rataye a ɗakinsa, ɓera ya ci fatar biyu. In kina so, zan yi masa magana.

Abu Hafsa, Jekadafari:
Ɗan'uwa, abin da malamin nan ya yi maka zalunci ne, kuma wulaƙanta mutum saboda gidan da ya fito jahiliyya ce, babu malamin kirki da zai ce maka ba haka ba. Matsayina kan kayan kiɗa yana nan inda yake. Amma ka yafe mana, mu al'umma, abin da aka yi maka.

Adda Maryam, Federal Low-cost:
Hawaye na yi wallahi. Ni dai roƙona kada a manta da 'yan mata. Mu da muka tashi da shantu a ɗakin amarya da kiɗan ƙwarya a gidan suna, yanzu sai dai a kunna waya a sa a sifika. Ƙwarya da ruwa a baho da 'yan sanduna biyu, nawa za su ci? Iyayen da ba za su yarda 'yarsu ta zauna gaban namiji makaɗi ba, da yawa za su yarda in tsohuwa ce ta zo da shantu.

Goggo Asabe, tsohuwar shugabar makaranta:
Maryam kin yi tunani. Rabi, ki je wa shugaban makarantarku da takarda a rubuce, kada ki je da baki. Ki nuna masa wurin da manhaja ta ambaci kayan kiɗan gargajiya, ki ce baƙo za ki gayyato ya taimaka a darasi, kamar yadda ake gayyato ma'aikacin lafiya. Kuma ku biya dattijon nan. Kada a ce masa "Allah ya saka" a sallame shi da kuɗin Keke Napep. In an biya shi a gaban idon yara a matsayin malami, wannan ma darasi ne. Ni zan ɗauki nauyin wata na farko daga fanshona.

Malam Yila, Billiri:
Mama, ni kuma zan zo da sarewa goma aro in lokacinsu ya yi. Amma a fara da kalangun. Yaro ya fara jin harshensa a bakin ganga tukuna.

Malama Rabi, Tudun Wada:
Salam jama'a. Mako uku ke nan, na dawo da labari.

Shugabanmu ya amince bayan ya kai maganar gaban kwamitin iyaye. Na raba takarda 84, 58 suka dawo da sa hannun yarda, 17 suka ce a'a, sauran ba su dawo ba, na lissafa su cikin a'a. Waɗannan abokiyar aikina ta tafi da su ɗaya ajin suka yi rini da zane. Babu wanda aka yi wa gori, na ja kunnen yara sosai a kan haka.

Ranar Laraba Jikan Makaɗi ya kawo kawun nasa, Baba, a bayan mashin. Farar riga ya sa da hula zanna, kalangun a cikin buhun shinkafa. Na sa masa kujera ya ce a'a, a tsaye ake yi. Ya rataya shi a kafaɗar hagu, ya sa shi a hammata, bai ce wa kowa komai ba. Ya buga sau ɗaya, murya ta fito ƙasa, mai kauri. Ya matse hannu a jikinsa ya sake bugawa, sai ta haura sama siririya. Sannan ya buga sau ɗaya ya saki hannun a hankali, muryar ta gangaro kamar mutum yana ajiyar zuciya. Ajin da ban taɓa samun shirunsa ba, har ƙarar fankar ofis muke ji.

Sai ya ce da su, "Ku ce kuka, irin na jariri." Suka faɗa. Ya buga biyu, duka a sama. "To ku ce kuka, ta miya." Suka faɗa. Ya buga ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ya yi musu wuya ta jiki da wuya ta wahala, ɗaya ta sauka, ɗaya ta hau. Ni da nake malama, sai a ranar na ji karin sautin Hausa da kunnena yadda ya kamata, abin da malamin Hausa yake fama da su a kai da alli tun aji ɗaya. Daga nan ya fara kiran sunayensu da kalangu, su gane. Ya buga, wani yaro a baya ya miƙe da ihu, "Ni ne! Abdullahi ya ce!"

Yarinyar da ta yi tambayar nan ita na fara kira. Kalangun ya yi mata girma, Baba ya rage maratayin, ya kama gwiwar hannunta ya danna a kan tsirkiyoyin ya ce, "Buga." Ta buga. "Saki. Buga." Ta buga, ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Malama, ashe numfashi yake yi."

Matsalar da muka samu: kalangu ɗaya ne mai lafiya, yara 58, minti 40. Tara kawai suka taɓa. Sauran sun bi da tafi da benci yadda Malam Yila ya tsara, amma rigima ta so ta tashi a kan layi.

Baban Sadik:
Malama, Sadik yana cikin waɗanda ba su samu taɓawa ba, tun ranar yake damuna. Ni na sa hannu ne don Goggo ta yi magana, kuma har yanzu ina nan kan cewa a riƙe lissafi da kyau. Nawa ne gyaran sauran biyun?

Jikan Makaɗi, Bolari:
Baban Sadik, icen lafiyarsa lau, fata ce da tsirkiya. Kawu ya ce fatar ɗan akuya ake so, ƙarami sosai, mara kauri, guda huɗu tunda kowanne baki biyu ne, kuma shi zai ɗaura da hannunsa, ba ya so a kai wa kowa. Gobe in na tashi daga aiki zan biya ta wajen majema in ji farashi, in rubuto a nan. Ya ce a yi sauri kafin hunturu ya kankama, don fatar da aka ɗaura cikin tsananin bushewa ba ta daɗewa.

Adda Maryam, ya ce in faɗa miki akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ta iya shantu, amma sai 'ya'yanta sun yarda, ke ya kamata ki je ki same su.

Malama Rabi, ranar Laraba mai zuwa ina aikin safe, ba zan samu kawo shi ba. Babban ɗana zai kawo shi, ya kuma tsaya ya riƙe masa buhun. Ƙarfe nawa za su iso?